Zalika Sule, ƴar wasan silima

Idan ƴan makaranta suka shirya wasan kwaikwayo, a Madawa ko Buza ko Keita, akan raba wa kowa nasa aiki. Wani ya zama sarki, wani alƙali, wani kuma ɓarawo. In an tashi wasa, sarki ya tuɓe rawaninsa, ɓarawo ya mai da akuyar da ya ara, duka su koma gida tare. Ba wanda zai kai ƙarar yaron da ya fito a ɓarawo. Amma akwai wata mata a ƙasarmu wadda aka riƙe ta da laifin abin da ta yi cikin wasa. Sunanta Zalika Sule.

An haifi Zalika a Yamai cikin shekarar 1947. Tana budurwa ta gamu da Mustafa Alasan, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara yin fim a Nijar. Shi ne wanda daga baya ya zo ya zauna a Tawa, ya ci gaba da aikinsa a can. A 1966 ya yi wani fim mai suna Le Retour d'un aventurier. Labarin wani saurayi ne da ya komo daga Amurka, ya kawo wa abokansa tsarabar kayan kaboyi: malafa, da takalma, da bindigogi. Da suka sa kayan, sai suka ɗauki halin masu kayan, suka hau dawaki suka dami gari. Mace ɗaya ce cikinsu, ita ce Zalika. Ta sa wando, ta hau doki, ta riƙe bindiga. A zamanin nan kuwa, ganin ɗiya mace cikin wannan shiga ba ƙaramin abu ba ne.

Daga nan ta yi aiki da Umaru Ganda, tsohon soja wanda ya yi yaƙin Indoshin kafin ya shiga silima. Ta fito cikin Cabascabo, da Saitane, da L'Exilé na 1980. Wanda ya fi suna shi ne Le Wazzou polygame. A cikinsa wani alhaji ya komo daga Makka, ya nemi ƙara aure da wata yarinya wadda an riga an yi wa wani saurayi alkawarinta. Zalika ce ta fito a kishiya mai zafin kishi, har ta ƙulla niyyar kashe amarya. A 1972, wurin bikin silima na Fespako a Wagadugu, fim ɗin ya ci babbar kyauta. Shi ne na farko da aka taɓa ba wannan kyauta.

To, a nan wahalarta ta soma. Sau da yawa mugun hali ake ba ta ta kwaikwaya: kishiya mai makirci, ko matar aure marar riƙon amana. Ta kuwa iya ƙwarai. Idan ta harari amarya cikin fim, sai mai kallo ya ji tsikar jikinsa ta tashi. Mutane da yawa a lokacin ba su saba da silima ba, suka ɗauka abin da suka gani a bango shi ne halinta na gaskiya. Aka yi ta zaginta, ana ɓata mata suna. Abin mamaki, gwanintarta ce ta ja mata. Da ba ta iya wasan ba, da ba wanda ya gaskata shi.

Ai mai kallo ba ya ganin abin da ke bayan hoto. Akwai wanda ya tsara labarin, akwai mai ba da umurni, akwai mai riƙe da na'urar ɗaukar hoto. Akan maimaita wuri ɗaya sau da dama kafin ya yi daidai. Wadda aka kashe cikin labari takan tashi ta kakkaɓe zanenta, ta ci tuwo tare da wadda ta kashe ta.

Umaru Ganda ya rasu ran 1 ga Janairu 1981. Cikin shekarun da suka biyo, kuɗin yuraniyom ya faɗi, taimakon gwamnati ya ragu, silimar Nijar ta ja baya. Zalika ta ƙara fitowa cikin Aube noire na Jingare Maiga a 1983, sa'an nan aiki ya yi wuya. Ta zauna a Yamai cikin rashi, ita da ɗiyanta, har ta kai ta tafi ƙasar waje tana aikin gida.

A 2004 Rahmatu Keita ta fito da fim a kan rayuwarta, mai suna Al'lèèssi. A ciki Zalika ba ta kwaikwayi kowa ba, labarin kanta ta bayar da bakinta. Ta rasu ran 27 ga Yuli 2021.

Ma'anar kalmomi

Kaboyi: makiyayin shanu na Amurka mai hawan doki.
Makirci: ƙulla wa wani sharri a ɓoye.
Indoshin: ƙasashen kudu maso gabashin Asiya da Faransa ta mallaka a da.

Tambayoyi

1. A wace shekara Zalika ta fito cikin fim ɗin kaboyi? Shekarunta nawa a lokacin?
2. Wane mai yin fim ne ya zauna a Tawa?
3. Don me mutane suka zagi Zalika? Suna da gaskiya?
4. Me ya sa aiki ya yi mata wuya bayan 1983?

Aiki

Ku kasu kashi biyu. Kashi ɗaya ya shirya wasa a kan mai awon hatsi da ke tauye mudu ran kasuwar garinku. Ɗaya kashin ya yi kallo, sa'an nan ya rubuta jimla biyar: uku a kan halin mai awo, biyu a kan halin ɗan ajinku da ya kwaikwaye shi.