Iska da Fetur: Ma'aunin da Ke Raya Inji ko Ya Kashe Shi

Duk wanda ya bi gaɓar Gulbin Zamfara a Gummi lokacin rani zai ji ƙugin injinan ban-ruwa daga fadamu, inda manoma ke shayar da shinkafa da albasa da sauran kayan lambu. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, farashin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. Wannan ya sa masu injinan ban-ruwa da 'yan acaɓa da yawa suka riƙa neman makanikai su matse musu kafireto domin inji ya rage shan mai. Tambayar da wannan darasi zai amsa ita ce: har zuwa ina za a rage wa inji mai kafin ragin ya zama hasara? Za a samo amsar daga wata na'ura da ake amfani da ita a ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa, domin dokar ƙonewa ɗaya ce ko a Kanada ko a Gummi.

Abin da inji ke ci

Wuta ba ta ci sai da iskar oksijin, wadda take kashi 21 cikin 100 na iskar da ake shaƙa. Masana kimiyyar sinadarai sun ƙididdige cewa kafin giram 1 na fetur ya ƙone ƙurmus, yana bukatar giram 14.7 na iska. Ana rubuta wannan ma'auni 14.7:1. Lita ɗaya ta fetur tana da nauyin kusan giram 740, saboda haka tana bukatar kimanin kilogiram 11 na iska, watau wajen lita 9,000. Ashe abin da inji ke zuƙa na iska ya ninka abin da yake sha na mai nesa ba kusa ba.

Idan mai ya yi yawa, alal misali 10:1, ba duka yake ƙonewa ba. Sai baƙin hayaƙi ya fito ta salansa, fulogi ya yi baƙi, mai ya tafi a banza, kuma iskar guba ta kabon monoksaid ta ƙaru. Idan kuwa mai ya yi ƙaranci alhali inji yana jan nauyi, sai zafin cikin silinda ya hauhawa, domin rarar man da ke ɗan sanyaya ciki ta ƙare. A nan ne cakuɗen mai da iska kan fashe da kansa maimakon ya ƙone a tsanake, sai a ji ƙwanƙwasa a cikin inji. Fistin na alminiyam ne, shi kuwa alminiyam yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salshiyos. Ƙwanƙwasa idan ta daɗe tana iya huda kan fistin.

Mai risho ya san wannan doka ko da bai san sunanta ba: shuɗiyar wuta alama ce ta iska ta wadata, ja mai hayaƙi kuwa alama ce ta kananzir ya fi ƙarfin iska.

Babur ɗin ƙanƙara da zugazuginsa

A shekarar 1959 wani ɗan Kanada mai suna Joseph-Armand Bombardier ya fara sayar da wani ƙaramin abin hawa mai suna Ski-Doo. Yana kama da babur, amma maimakon tayoyi yana da sanduna biyu masu sulɓi a gaba da faffaɗan bel na roba a baya, waɗanda ke ɗauke da shi a kan dusar ƙanƙara. Masu hawa duwatsu da irin wannan babur suna fuskantar matsala guda: gwargwadon hawa sama, gwargwadon raguwar iska. A tsayin mita 3,000, nauyin dannawar iska bai wuce kashi 70 cikin 100 na yadda yake a bakin teku ba, saboda haka ƙarfin inji yakan ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Maganin wannan shi ne turbo, wanda injiniyan Suwizalan Alfred Büchi ya yi wa rajista a 1905. Aikinsa irin na zugazugin maƙeri ne. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya wata farfela, ita kuma tana juya wata farfelar da ke cusa ƙarin iska cikin silinda. Fiton da ake ji daga manyan tirelolin da ke ɗaukar hatsi a kan hanya, sau da yawa kukan turbo ne. Sai dai su injin dizal gare su, wanda tsarin ƙonewarsa daban ne.

To amma maƙeri ya san cewa idan ya tsananta zuga bai ƙara gawayi ba, ba a jimawa wutar ta cinye abin da ke gabanta. A ɗauka inji yana aiki da 12:1 lokacin da aka buɗe masa wuta duka, wanda shi ne kusan ma'aunin da ake so a irin wannan hali. Idan aka ɗaura masa turbo ya ƙara iska da rabi, mai kuwa bai ƙaru ba, lissafin ya zama 12 × 1.5 = 18, watau 18:1. Inji ba ya daɗewa a haka.

Aikin na'urar daidaita mai

Injinan zamani da yawa ba su da kafireto. Wata ƙaramar kwamfuta ce ke ba nozul umarnin ya buɗe ya fesa mai na ɗan lokacin da ake aunawa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Kwamfutar da kamfani ya sa ba a shirya ta da sanin turbon da aka ƙara daga baya ba. Don haka ake sayen wata na'ura daban, irin su Power Commander ta kamfanin Dynojet na Amurka, a haɗa ta tsakanin kwamfutar da nozul. Tana karɓar umarnin kwamfutar, ta duba gudun inji da yawan iskar da turbo ke turawa, sannan ta tsawaita lokacin feshin ko ta gajarta shi bisa wani jadawali da mai gyara ya cika.

Na'urar ba ta san daidai ba sai abin da aka faɗa mata. Shi ya sa ƙwararren mai gyara ba ya aiki da ƙiyasi. Yana sa ma'aunin oksijin a cikin salansa domin ya karanta ainihin ma'aunin iska da mai, yana kuma auna zafin hayaƙi. Yakan fara da mai mai ɗan yawa da ƙarancin zuga, sannan ya riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda, yana gwadawa yana rubutawa. Dalili kuwa a fili yake: kuskure ta wajen yawan mai fulogi yake ɓatawa, kuskure ta wajen ƙarancinsa kuwa inji yake kashewa. A shekarar 2020 kamfanin da ke ƙera Ski-Doo ya fitar da samfurin Summit 850 mai turbo tun daga masana'anta, wanda kwamfutarsa ke yin wannan lissafi da kanta.

Darasi ga fadamun Gummi

Gummi ba a kan tsauni take ba, amma iskarta tana canzawa da yanayi. Iska mai zafi tana buɗewa ta yi sauƙi, mai sanyi kuwa tana takurewa ta yi nauyi. Mita ɗaya murabba'in sukari ta iska a bakin teku tana da nauyin kilogiram 1.23 a digiri 15, amma 1.13 kawai a digiri 40, bambancin kusan kashi 8 cikin 100. Kafireto ba ya gane wannan bambanci sosai. Injin da aka matse wa mai har iyaka da tsakar ranar watan Afrilu, idan sanyin asubahin hunturu ya zo, zai sami iska fiye da man da ake ba shi.

Ƙurar hunturu ma tana da nata tasiri. Idan matatar iska ta toshe, iska ta ragu, inji ya riƙa shan mai yana hayaƙi. Maganin shi ne wanke matatar ko canza ta. Cire ta gaba ɗaya yana ƙara iska fiye da kima, ya kuma bar ƙura ta shiga ta goge silinda kamar yashi.

Fulogi shi ne ma'aunin talaka. Bayan inji ya yi aiki da nauyi ya huce, a kwance fulogi a duba bakinsa. Baƙi mai kunkunniya, mai ya yi yawa. Fari fat, mai ya yi kaɗan, kuma haɗari na kusa. Ruwan ƙasa mai haske, ma'auni ya daidaita. Manomin da injinsa ya buga a tsakiyar rani, shinkafa tana tsaka da fitar da kai, ba kuɗin fistin kaɗai zai rasa ba. Kwanakin da gona za ta yi ba ruwa suna iya cinye abin da ya fi dukan man da aka yi tsimi. Garin neman ƙiba, an samo rama.

Tambayoyi da aiki

1. Giram nawa na iska ake bukata domin ƙona giram 50 na fetur ƙurmus?
2. Inji yana aiki da 12:1. Turbo ya ƙara iska da kashi 25 cikin 100, mai bai canza ba. Mene ne sabon ma'aunin? Da kashi nawa za a ƙara mai domin a koma 12:1?
3. Malami ya nemo tsofaffin fulogai daga wurin makanike, ɗalibai su kasa su gida uku bisa launi, su bayyana halin da kowane inji yake ciki.

Gargaɗi: kada a tayar da inji a cikin aji ko wani rufaffen ɗaki. Kabon monoksaid ba ta da launi ko wari, kuma tana kisa.