Yadda Ake Buga Bulon da Zai Jure Daminar Abidjan

A unguwanni irin su 220 Logements da ke Adjamé, da tsofaffin layukan Treichville, fili ya yi ƙaranci, don haka yawancin aikin gini gyara ne: a ƙara ɗaki, a ta da katanga, a ɗora bene. Mai irin wannan aiki yakan zuba ido kan farashin siminti, alhali abin da ya fi kashe bulo shi ne mugun yashi da rashin ban-ruwa. Da yashin za a fara. Birnin yana zaune ne tsakanin teku da tafkin Ébrié, kuma yashin da ke ɗauke da gishiri yana jawo damshi, ya fitar da farin kumfa a bango, ya ci rodin da ke kusa. Don gano laka kuma, a zuba yashin cikin kwalba har rabi, a cika da ruwa, a girgiza, a bar shi ya kwanta. In laka ta yi kauri a samansa, a wanke shi ko a mayar wa mai shi.

Sai awo. Bulon da aka saba da shi a nan tsawonsa santimita 40 ne, tsayinsa 20, kaurinsa kuwa 10, 15 ko 20. Na 10 na raba ɗakuna ne, na 15 mai rami na bango, wanda ba shi da rami kuma na tushe. Murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo 12 da rabi. Buhun siminti mai kilo 50 bai kamata ya fitar da fiye da 30 na 15 mai rami ba. A gauraya siminti da yashi a bushe har launinsu ya zama ɗaya, sannan a yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan. Kwaɓin ya yi daidai in an dunƙule shi a hannu ya tsaya ba tare da ruwa ya tsattsafo ba. A cika akwatin bugu, a danna sosai, a kife a kan daɓe mai laushi a inuwa, kada a taɓa shi sai washegari.

Daga nan ne ake yin asarar da ta fi kowace. Siminti da ruwa yake yin ƙarfi, kuma bulon da rana ta busar da wuri ya tsaya ke nan a inda ya kai. A shayar da shi safe da yamma kwana 7, a lulluɓe da buhu ko leda. Cikakken ƙarfinsa sai kwana 28, kuma gini da shi kafin mako biyu ganganci ne. Wani zai ce iskar Abidjan da damshinta, ban-ruwa na me? Damshin iska kaɗai ba ya wadatar da bulo, kuma ruwan watan Yuni in ya sauka kan ɗanyen bulo wanke simintin fuskarsa yake yi. Wani kuma zai ce ginshiƙai ne ke ɗauke da nauyi, bulo cike gurbi ne kawai. A babban bene haka ne, amma a ƙananan gidajen da ake ɗora wa ɗaki ba tare da lissafin injiniya ba, bango yana ɗaukar kaso mai yawa, kuma ko a bene, bulo mai rauni yana shan ruwa ya zubar da filasta.

Wanda zai sayi bugagge ya tambayi ranar bugu, ya karce gefensa da ƙusa, ya saki ɗaya daga daidai ƙugu. Mai kyau ba ya marmashewa, kuma in an ƙwanƙwasa shi yana amo. In aikin na bene ne, a kai samfuri LBTP, hukumar gwajin kayan gini da ke Abidjan, a matse shi da inji kafin a biya kuɗin sauran.