Kafin ka cire wa motar nan kafireta

Ɗana, na ji kana shirin sayar da gyaɗar bana domin a cire wa Golf 2 ɗinka kafireta a sa mata injekta. Ban ce kada ka yi ba, motarka ce kuma guminka ne. Amma zauna tukuna mu yi lissafi.

Na san abin da ya tunzura ka. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Tinubu ya janye tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce 1,000. Mai jigila tsakanin Dambatta da Kano yanzu rabin wahalarsa ta gidan mai ce. Kuma masu zuga ka ba ƙarya suka yi ba, injekta ta fi tattalin mai. Kafireta tana sakin mai gwargwadon iskar da inji ya zuƙa, ba ruwanta da ko ya ƙone ko ya bi salansa a banza. Injekta kuwa tana da birenbos, wato kwamfutar inji, yana jin zafin inji, yana shaƙar hayaƙi, sannan ya auna abin da zai fesa. Shi ya sa Turawa suka bar kafireta a farkon shekarun 1990, da dokar hayaƙi ta matsa musu.

To amma aikin ya wuce sauke wannan a ɗora wancan. Kafireta ɗan ƙaramin famfo ya ishe ta. Injekta mai nozul huɗu tana son mai ya zo mata da ƙarfi kusan ninki goma, don haka sai famfon lantarki, da tiyo mai jure matsi, da hanyar da rarar mai zai koma tanki. Wanda ya bar tsohon tiyo don tsimin kuɗi, ranar da ya tsage a kan inji mai zafi, Allah ya kiyaye, yashi za a nema. Ga sensa a salansa, ga ta zafin ruwa, ga tarin wayoyi. In ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ka tsinto birenbos na wannan mota, wayoyin waccan, sensar wata daban, ka haɗa kishiyoyi ke nan a ɗaki guda.

Ka leƙa garejojin Bichi da Dambatta ka tambaya. Abin da aka fi kawo musu shi ne akasin naka, wato a cire injekta a mayar da kafireta. Mutanen nan ba wauta ke damun su ba. Direbanmu na ƙauye yakan sayi lita biyu ko uku a galan wurin 'yan bumburutu, man da ba a san me ke cikinsa ba, ƙurar buji ta sauka a mazurari, kuma kullum tanki a ƙasa. Famfon injekta da man nan yake samun sanyi, in ana yawan tafiya da tanki wayam sai ya ƙone. Ramin nozul kuwa ɗan mitsitsi ne, datti kaɗan ya toshe shi. Kafireta in ta shaƙe a hanyar Kunchi, ka kwance ta da sukundireba, ka wanke da fetur, ka hura jet da baki, ka tashi. Injekta in ta yi shiru sai a nemo mai kwamfuta, shi kuwa yana birni.

Saboda haka fara da mai arha. A wanke kafiretar, a duba ko wani bakanike ya taɓa buɗa jet da allura don mota ta ja lodi, domin wannan ɗabi'ar ce ke shanye man mutane. Canza filtar iska da filogi, a saita tayimin, a cika tayoyi. Sannan ka cika tanki, ka rubuta kilomita, ka yi mako guda kana jigila, ka ga abin da ta sha. Da yawa a nan ciwonsu ke warkewa.

In bayan haka zuciyarka tana kan injekta, sayi injin Beljiyom na Golf 3 sukutum, da birenbos ɗinsa da wayoyinsa da famfonsa, duk daga mota ɗaya. Nemo rewayan da ya taɓa yin irin aikin, ka ga motar da ya yi tana tafiya kafin ka ba shi ko sisi. Daga ranar kuma ka yi sallama da man galan, kada allurar tanki ta sauka ƙasa da kwata. Cikon kuɗin aiki ka riƙe shi sai ta tashi da sanyin asuba bugu ɗaya, ta kuma kai lodin hatsi Dawanau ta dawo.