Umaru biyar: suna ɗaya, aiki daban-daban

Ran Litinin da safe Malam ya buɗe littafin kiran suna. Ya ce: «Umaru!» Sai yara uku suka ɗaga hannu tare, suka ce: «Na'am, Malam!» Aji duka ya fashe da dariya. Malam ya ce: «To, yara, wane Umarun na kira?» Ba wanda ya iya faɗi. Sai da ya haɗa da sunan uban kowa, sannan aka rarrabe su.

Mutanen da suke da suna ɗaya, su ake kira takwarori. Umaru yana da takwarori da yawa, domin suna ne da ake so a ƙasashen Musulmi. Hausawa da Zabarmawa da Fulani suna cewa Umaru, Larabawa suna cewa Umar. A ƙasar Hausa akan yi wa Umaru laƙabi da Sanda ko Faruku. Yau za mu karanta labarin mutane biyar masu wannan suna. Ba ƙasarsu ɗaya ba, ba kuma sana'arsu ɗaya ba.

1. Umaru mai mulki

Na farko shi ne Sayyadina Umaru ɗan Haɗɗabi, sahabin Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mutumin Makka ne, ya yi fatauci lokacin ƙuruciyarsa. Bayan rasuwar Sayyadina Abubakar a shekara ta 634, shi ya zama halifa na biyu. Ya yi shekara 10 yana mulki daga birnin Madina, har zuwa 644. An san shi da adalci. Masu tarihi sun ce yakan zaga gari da dare, don ya ga halin da talakawa suke ciki da idonsa.

A zamaninsa aka tsara lissafin shekarun Musulunci. Aka fara ƙidaya daga shekarar hijira daga Makka zuwa Madina, watau 622. Shekarar hijira tana bin wata, tana da kwana 354 ko 355. Yawancin masu suna Umaru daga gare shi suka gaji sunan, kuma shi ne Faruku na asali.

2. Umaru mai lissafi

Shekaru 400 da ƴan kai bayan haka, a 1048, aka haifi Umar Hayyam a birnin Nishafur, cikin ƙasar Farisa, wadda ake kira Iran yau. Hayyam ma'anarsa mai ɗinkin tanti. Shi kuwa bai yi suna da ɗinki ba. Ya yi suna da lissafi da ilimin taurari. Ya rubuta littafi a kan aljabara, watau lissafin da ake neman adadin da ba a sani ba.

Shi ma ya yi aiki a kan lissafin shekara, amma na rana. Ga dalili: shekarar wata ta gaza shekarar rana da wajen kwana 11. Shi ya sa azumi yakan faɗo wani lokaci da sanyi, wani lokaci da zafi, wani lokaci da damina. Manomi kuwa yana bukatar lissafin da yake tafiya tare da lokutan shekara. Sarki Malik Shah ya tara masana a birnin Isfahan, har da Umar Hayyam. Suka auna tsawon shekarar rana, suka tsara sabuwar kalanda da ta fara aiki a 1079. Kalandar da ake bi a Iran yau daga ita ta samo asali. Akwai kuma gajerun waƙoƙi masu layi huɗu-huɗu da ake danganta masa. Ya rasu a 1131.

3. Umaru mai alƙalami

Yanzu mu dawo ƙasar Hausa. An haifi Alhaji Umaru a Kano a 1858, amma asalin gidansu Kabi ne. Ya yi karatu mai zurfi, ya kuma bi ayarin fatake zuwa Gwanja, inda Hausawa suke sayo goro. Ya zauna a Salaga, babbar kasuwar goro ta wancan zamani, cikin ƙasar Gana ta yanzu. Shi ya sa ake ce masa Alhaji Umaru Salaga. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, fatake da malamai da yawa suka ƙaura. Shi ma daga baya ya koma Kete-Karachi, a bakin kogin Bolta, ya zama limamin garin.

Alhaji Umaru ya koyar da almajirai masu yawa. Ya rubuta waƙoƙi da Larabci, ya kuma rubuta da Hausa cikin ajami. Ya yi waƙa a kan talauci da wadata, ya yi a kan zuwan Nasara, abin da ya gani da idonsa. Ya rubuta labarin ƙasar Hausa da al'adunta da sana'o'inta. Ya rasu a 1934. Ku lura, yara: wannan malami ya san Larabci sosai, amma bai raina harshen uwarsa ba. Da harsuna biyu ya yi aiki, kamar yadda kuke karatu da Hausa da Faransanci.

4. Umaru mai gwagwarmaya

A zamani ɗaya da Alhaji Umaru, akwai wani takwaransa a Libiya, maƙwabciyarmu ta arewa. Shi ne Umar Muhtar. Malamin Alƙur'ani ne. Da sojojin Italiya suka shigo Libiya a 1911, ya ɗauki bindiga. Ya yi wajen shekara 20 yana yaƙar masu mulkin mallaka daga cikin duwatsu da hamada. Sun kama shi yana tsoho, suka rataye shi ranar 16 ga Satumba 1931. Har yau mutanen Libiya suna girmama shi.

5. Umaru mai silima

Na biyar ɗan ƙasarmu ne. An haifi Umaru Ganda a Yamai a 1935. Bazabarme ne. Ya yi makarantar firamare, sannan ya shiga sojan Faransa yana saurayi, aka kai shi yaƙin Indoshin, can gabashin Asiya. Da ya dawo gida bai sami aiki ba. Sai ya tafi Abijan, ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa.

A can ya haɗu da wani Bafaranshe mai ɗaukar silima, Jean Rouch, wanda yake bin labarin ƴan ci-rani. Ya sa Umaru Ganda cikin fim mai suna «Moi, un noir», wanda ya fito a 1958. Daga nan Umaru Ganda ya koma Yamai, ya koyi riƙon na'urar ɗaukar hoto, ya fara shirya nasa.

Fim ɗinsa na farko shi ne «Cabascabo». Labarin wani tsohon soja ne da ya dawo daga Indoshin da kuɗi. Abokai suka kewaye shi, suka taya shi ci. Da kuɗin suka ƙare, kowa ya watse, ya bar shi yana neman abin yi. An nuna fim ɗin a birnin Kan na Faransa a 1969. A 1972 fim ɗinsa «Le Wazzou polygame» ya ci babbar kyauta a bukin silimar Afirka na Wagadugu, wanda ake kira FESPACO. Shi ne mutum na farko da ya karɓi wannan kyauta. Ya kuma yi «Saitane» da «L'Exilé». Ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981. A Yamai akwai gidan raya al'adu mai sunansa.

Abin da za mu riƙe

A Hausa kalmar «suna» tana da fuska biyu. Akwai sunan yanka, wanda ake raɗa wa jariri ran kwana bakwai. Wannan iyaye ne suke zaɓa, yaro bai san an yi ba. Akwai kuma sunan da ake nufi in an ce «wane ya yi suna». Wannan mutum ne yake nemar wa kansa. Mutane dubbai aka raɗa wa Umaru tare da waɗannan biyar. Abin da ya sa muke tunawa da su shi ne aikin da kowa ya yi: adalci, lissafi, rubutu, kare ƙasa, silima. Umaru Ganda ya yi dako kafin ya yi suna, saboda haka kada wanda ya raina mafarinsa.

Ga kuma abin kiyayewa tun yanzu. In kana da takwara, rubuta cikakken sunanka, naka da na mahaifinka, yadda yake a takardar haihuwarka. Ka yi haka a littafinka da takardar jarrabawa. In ka yi sakaci, ana iya ba takwaranka sakamakonka. Haka nan in ka karanta «Umaru» a littafin tarihi, tambayi kanka: wane Umaru, na wace ƙasa, na wane zamani?

Kalmomi

Takwara: wanda sunanku ɗaya da shi.
Laƙabi: sunan da ake kiran mutum da shi bayan sunansa na yanka.
Halifa: shugaban Musulmi bayan Annabi.
Ajami: rubutun Hausa da baƙaƙen Larabci.
Ɗan dako: mai ɗaukar kaya a biya shi.

Tambayoyi

1. Shekara nawa Sayyadina Umaru ya yi yana mulki?
2. Me ya sa azumi ba ya faɗowa lokaci ɗaya kowace shekara?
3. Me ya kai Alhaji Umaru Salaga? Me ya fitar da shi?
4. Waɗanne Umaru biyu ne suka rayu a zamani ɗaya?
5. Wane darasi ne yake cikin labarin «Cabascabo»?

Aiki

1. Umar Hayyam ya rayu daga 1048 zuwa 1131. Umaru Ganda ya rayu daga 1935 zuwa 1981. Ku lissafa shekarun kowa.
2. Ku nemo Iran, Libiya, Gana da Nijar a taswira.
3. In kun koma gida, ku tambayi iyayenku sunan wa aka sa muku, da irin aikin da takwaran naku ya yi. Ku rubuta layi biyar a kansa.