Cin Abinci Da Natsuwa

Mai karatu, ka sani ƙiba in ta yi yawa cuta ce. Takan jawo ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon gwiwa. Wani ƙibarsa takan kai har likitoci a babban asibiti su ce sai an yi masa aiki an rage masa tumbi. A wani irin aikin akan cire wajen kashi 3 cikin 4 na tumbin.

To, amma wuƙar likita ba ta yanka hali. Wanda ya saba haɗiye loma ba tauna, in ya yi haka bayan aiki, sai ciwon ciki da amai. Saboda haka tun yana jiran ranar aiki ake koya masa cin abinci da natsuwa. Kai ma darasin zai amfane ka.

Yunwa iri biyu ce. Akwai ta ciki, wadda ke zuwa sannu sannu, kowane abinci ya kashe ta. Akwai ta zuciya, wadda ke zuwa farat ɗaya in rai ya ɓaci ko zaman banza ya yi yawa. Ita wannan, ko ka cinye tukunya ba ta tafiya.

Ga abin da za ka yi:

1. Kafin ka sa hannu, ka tambayi kanka, wace yunwa ce wannan?
2. Ka ɗebi naka a ƙaramin kwano, don ka san abin da ka ci.
3. Ka zauna. Kada ka ci a tsaye ko kana tafiya.
4. Ka yi ƙaramar loma, ka tauna sosai, ka ji ɗanɗanonta.
5. Kada ka yi garaje. Ciki yakan ɗauki kamar minti 20 kafin ya sanar da kai ya ƙoshi.
6. Kada ka riƙa wuni da yunwa don ka rame, sa'an nan ka cika ciki da dare.

In kana ci har ka kasa tsayawa, ko kana ɓuya ka ci, ko kana sa kanka amai bayan ci, ka gaya wa malamin asibiti. Ciwo ne, yana da magani.

Ku kuma mutanen gida, kada ku yi wa mai ƙiba ba'a, kada ku matsa masa da ƙari. Ku taimake shi. Sannu ba ta hana zuwa.