Yadda Ake Gyara Ƙofar Bayan Tsohuwar Land Cruiser 80

Yawancin Land Cruiser 80 na shekarun 1990 ƙofar bayansu kashi biyu ce: ta sama da ta ƙasa. Idan ta saman ta fara saukowa da kanta, sandunan gas ɗin da ke tokare ta sun mutu, kuma tana iya faɗo wa mutum a ka. A tokare ta da katako, a canja duka biyun tare.

Idan waifa ta baya ta daina aiki, a duba wayoyin da ke cikin robar da ta haɗa ƙofar da jikin mota, nan suka fi tsinkewa saboda yawan buɗewa da rufewa.

Mai son ƙara kyamarar ribas ya haɗa ta da wayar fitilar ribas. Amma ya fara cire kan batir, ya ɗauki hoton wayoyin da wayarsa kafin ya taɓa komai.