Kafin Ka Ɗaura Harami, Sauke Haƙƙin Mutane

Da zarar hukumar alhazai ta fara kiran maniyyata sansani, sai gari ya cika da bankwana. Wani ya zaga dangi, wani ya miƙe bayan sallar Asuba ya ce, "Jama'a, duk wanda na ɓata wa, don Allah ya yafe mini." Yanzu ma saƙo ɗaya ake rubutawa a WhatsApp a tura wa kowa. Ba laifi, amma kada ka ɗauka ka gama. Mutumin da ka riƙe wa kuɗi shekara da shekaru, kuɗinsa yake jira.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya yi hajji bai yi batsa ba, bai yi fasiƙanci ba, zai koma gida fes kamar ranar da aka haife shi. Wannan albishir ne yake sa mutum ya sayar da gona ko shanu ya biya kujera. Sai dai malamai sun sha jan kunne cewa haƙƙin ɗan Adam ba ya faɗuwa don an je Makka. A Sahihu Muslim ya zo cewa shahidi ma ana gafarta masa komai ban da bashi. In wanda ya ba da ransa bai kuɓuta ba, ina ga wanda ya ba da kuɗin kujera?

Tuba tsakaninka da Allah sharaɗi uku gare ta: ka daina, ka yi nadama, ka ƙudurta ba za ka koma ba. In laifin ya taɓa mutum, sai na huɗu ya shigo, wato mayar da haƙƙi ga mai shi ko neman ya yafe bayan ya san abin da yake yafewa. Wannan na huɗun shi ya fi nauyi, kuma a gida ake yin sa.

Don haka samu takarda da biro, ka zauna kai kaɗai. Fara da kuɗi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne ka rubuta shi: cikon mai shago, zubin adashin da ka tsallake, ladan magini ko yaron shago, sauran sadakin matarka. Wanda za ka iya biya, biya kafin ka yi canjin guzuri. Wanda ba za ka iya ba, je ka samu mai shi ido da ido, ka nemi ya ɗaga maka, a rubuta a sa shaidu, ka kuma bar wasiyya a hannun wanda ka amince da shi.

Sai babban, wanda aka fi kawar da kai gare shi: gado. A gidaje da yawa uba ya rasu tun tuni, babban wa ya riƙe gona da gida da shago, ƙannensa mata sun yi shiru saboda kunya, marayun ɗan'uwansa ba su da bakin magana. Daga cikin wannan dukiyar da ba a raba ba wani yake ciro kuɗin kujera. Ya kamata ya tuna hadisin matafiyin nan da ya yi buɗu-buɗu, ya ɗaga hannu sama yana roƙo, alhali cinsa da shansa da suturarsa haram ne, aka ce ta ina za a amsa masa. In haka gidanku yake, kira malami ko ku je gaban alƙali a raba. Ko rabon zai sa ka fasa tafiya bana, a ganina fasawar ta fi maka alheri.

In mai haƙƙin ya rasu, magadansa za ka ba. In ka neme shi ka rasa, yi sadaka da kuɗin a madadinsa. Gulma kuwa sai da dabara: in faɗa wa wanda ka yi gulmarsa zai tayar da sabuwar fitina, malamai da dama sun ce ka nema masa gafara, ka kuma faɗi alherinsa a inda ka ɓata shi. Hajiya, ke ma kishiyarki da surukarki da yarinyar aikinki suna cikin lissafi. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Idan an isa ƙasa mai tsarki, abin da ya fi cinye ladan mutanenmu shi ne baki. Aya ta 197 a Suratul Baƙara ta hana jayayya a hajji, amma a layin abinci, a ƙofar banɗakin Minna, a wajen shiga mota, nan ake zubar da abin da aka tara. Wanda ya taka ka, bar shi ya wuce.

Ranar 9 ga Zulhajji, ranar tsayuwar Arfa, ita ce zuciyar aikin. Bayan an haɗa Azahar da La'asar an yi ƙasaru, lokacin da ya rage har faɗuwar rana naka ne, kada ka ba waya ko hira. Ba sai ka hau Dutsen Rahama ba, duk filin Arfa wurin tsayuwa ne. Alhaji ba ya azumi ranar, don haka ci, sha ruwa sosai, zauna a inuwa. A hajjin 2024 fiye da mutum 1,300 ne suka rasu, galibi saboda zafi. Fuskanci alƙibla ka roƙi Allah da Hausa in Larabci ya yi maka nisa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ambaci laifukanka ɗaya bayan ɗaya tsakaninka da Ubangijinka, ka sa iyayenka da waɗanda ka zalunta. Wanda ya zalunce ka kuma, in za ka iya, yafe masa a nan. Kada ka fita daga iyakar Arfa sai rana ta faɗi, domin a mazhabar Malikiyya kasancewa a wurin wani yanki na daren shi ne rukuni.

Kafin ɗawafin bankwana, zaɓi ɗabi'a ɗaya da ka san ita ke kayar da kai, ko tauye mudu ce, ko wasa da sallar Asuba, ko zagin iyali, ka shirya yadda za ka rabu da ita tun daga makon farko na dawowa, lokacin da 'yan barka da zuwa da rabon tsaraba suke ɗauke hankali.

Maniyyaci, in jirginku ya kusa, duba takardar nan ka fara da sunan da ya fi yi maka nauyin kira, ka je gidansa yau. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya sa ibadar karɓaɓɓiya ce.